Kunnen Yaro Yana Ciwo, Magani Ya Ƙi Ci

'Yan'uwa, hunturu ya shigo Kafanchan, mura ta cika gidajenmu, kuma bayanta ciwon kunne yake biyowa. Akwai wata 'yar hanya tsakanin maƙogwaro da kunne. A jikin yara gajeriya ce, shi ya sa ƙwayoyin cutar mura suke saurin haurawa, mugunya ta taru a bayan dodon kunne. Sai zazzaɓi, yaro yana jan kunne, ya kwana kuka.

Mu kuwa me muke yi? Mu ɗiga man ja ko ruwan albasa, mu aika kemis a yanko mana rabin magani, mu koma kasuwa. Haka ake yi har dodon kunnen ya fashe, ruwa ya yi ta zuba wata da watanni, ji ya ragu, malam ya ɗauka yaron ba ya ganewa.

In an sha magani cikakke bai ci ba, likitan kunne yakan kashe zafin wurin, ya sa siririyar allura ta dodon kunne ya zuƙo ruwan. Nan take zafi yakan sauka. A ɗakin gwaji, cikin kwana 2 zuwa 3, a gano ƙwayar da maganin da zai kashe ta. Kada allurar ta tsorata mu, hujin yakan rufe da kansa cikin 'yan kwanaki.

A fara da babban asibitin garin nan. In sun tura mu Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, mu je. In bayan kunne ya kumbura, ko wuya ya sanƙare, a ranar za a tafi.