Tsagewar bango a Kaugama: girgizar ƙasa ce ko aikin ruwa?

Wani magidanci daga Kaugama ya aiko da tambaya. Ya ce bayan ɗaukewar damina bangon ɗakinsa ya tsage daga sama har ƙasa, gonarsa ta fadama ma ta dare har ƙafa na iya shiga, mutane kuma suna ta cewa alamar girgizar ƙasa ce. Yana so ya sani ko ya kwashe iyalinsa.

Malam, kwantar da hankalinka. Girgizar ƙasa ba ta aiko da irin wannan saƙo. Ikon Allah ce, kuma Ya sanya mata sababi. Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, manyan falale ne na dutse da ke motsi a hankali, 'yan santimita a shekara, kamar yadda farce ke tsiro. Inda dutse ya taɓa karyewa a can ƙarƙashi, gefen biyu sukan cije da juna shekaru aru-aru, ƙarfi yana taruwa, har ranar da za su suɓuce farat ɗaya. Wannan suɓucewa ita ce girgizar. Tana yawaita a bakin falalen, shi ya sa ta Turkiyya da Siriya a watan Fabrairun 2023 ta kai maki 7.8, ta hallaka mutum fiye da 50,000. Nijeriya kuwa tana tsakiyar falalen Afirka, nesa da baki.

Ƙarfin da ya kuɓuce yana tafiya cikin ƙasa zango-zango. Akwai motsi na farko mai turawa da ja, yana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa, shi ne ake ji kamar an buga ƙofa. Na biyu yana biyo baya da gudun kusan kilomita 3 da rabi, yana kaɗa ƙasa gefe da gefe. Sai na ƙarshe da ke bin saman ƙasa, wanda ya fi rusa gini. Tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ita ce masana ke aunawa su gane nisan tushen abin, kuma cibiyar da ke wannan aiki a ƙasarmu tana Toro a Jihar Bauchi. Duk abin ba ya wuce daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma gari guda ke jinsa tare: kwanuka su yi ƙara, ruwan randa ya yi tangaɗi.

Ba na cewa ba ta taɓa mu. An ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumbar 2016, da unguwar Mpape a Abuja a Satumbar 2018. Duk ƙanana ne. Amma ta Accra a 1939 da ta Gini a 1983 sun ci rayuka.

To me ya tsaga bangonka? Ƙasar Haɗejia, inda Kaugama take, ba irin ta Dutse ko Birnin Kudu ba ce, inda duwatsu ke tsaye a fili. Nan yashi ne da laka masu kauri, shimfiɗe a kan dutsen da ya nutse can ƙasa. Baƙar lakar fadama idan ta sha ruwa kumbura take yi, idan rani ya yi ta bushe ta tsuke, ta dare. Ɗakin da ke kanta yana ɗagawa yana sauka kowace shekara, kusurwa ɗaya ta fi wata, sai bango ya buɗe. Ga kuma ruwan da ke kwana a gindin katanga, musamman bayan ambaliya irin ta 2022, yana cinye tubali daga ƙasa. Wannan shi ne haɗarin da ya fi kusa da ku, kuma a kowace damina yana kashe mutane a cikin ɗakunansu, abin da ke ci mini rai domin ana iya kauce masa.

Ka shafa ɗan siminti a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. Idan ya sake darewa cikin makonni, ko bangon ya karkata, ko azara ta fara zamewa daga mazauninta, kada kowa ya ƙara kwana a ɗakin sai magini ya duba. Ka sa indararo mai tsawo, ka cika gindin bango da ƙasa ta yadda ruwa zai gangara waje. In za ka yi sabon gini, a zurfafa fandisho, a ɗaga shi sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a zagaye ɗakin da linta mai rodi. Wannan ɗaurin yana da amfani ko da girgizar ce ta zo, domin ƙasa mai laushi tana ƙara wa motsi ƙarfi. Birnin Meziko, da aka gina a kan lakar tsohon tafki, ya sha mummunar ɓarna a 1985 alhali tushen girgizar yana da nisan fiye da kilomita 300.

Idan kuwa wata rana kun ji ƙasa ta motsa, wanda ke tsakar gida ya nisanci katanga da wayar lantarki, wanda ke ɗaki ya duƙa ya kare kansa da wuyansa, sannan a sanar da mai unguwa da ƙaramar hukuma. Har yau babu masanin da ke iya faɗin ranar da girgiza za ta auku, don haka duk saƙon WhatsApp da ya sa mata rana, kada ka tura wa kowa. Ka duba bangon nan tun kafin ruwan fari ya sauka.