Tsatsa a Cikin Tankin Babur da Yadda Ake Maganinta

Ko da yake gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa a 2013, har yanzu babur ne abin hawan ma'aikata da yawa da ke fitowa daga Panshekara zuwa masana'antun Challawa da Sharaɗa, wasu ma har Bompai. Daga cikin abubuwan da ke kwantar da babur akwai wanda ba a ganinsa daga waje, wato tsatsar cikin tanki. Alamarta ita ce injin ya riƙa shaƙewa, a wanke kafireto yau, gobe ya sake toshewa da wani jan gari.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa. To ta ina ruwa ke shiga tankin da ke rufe? A jikin murfin akwai 'yar kafa da iska ke bi don ta maye gurbin man da injin ya sha. Da rana tanki ya yi zafi, da dare ya huce ya zuƙo iska mai laima, musamman a watan Agusta da damina ta kankama. Laimar nan sai ta zama raɓa a bangon tanki, ta gangara. Nauyin lita ɗaya ta fetur kimanin giram 740 ne, ta ruwa kuwa giram 1,000, saboda haka ruwan yakan kwanta a ƙasa, fetur ya lulluɓe shi ya hana shi bushewa. Shi ya sa tanki ya fi hujewa ta gindi, shi ya sa kuma babur kan fara gardama da zarar an juya shi rizab, domin rizab daga ƙasa yake jan mai. Ɗalibin ilimin halittu zai so ya san cewa a tsakanin ruwa da mai akwai masu rai. Wata funfuna mai suna Hormoconis resinae tana rayuwa a nan, tana fitar da asid mai cin ƙarfe, sai dai ta fi addabar tankunan dizal da na jiragen sama.

Wajen gyara, a cire tanki, a juye mai a fili nesa da wuta, a kwance famfon mai a toshe gurbinsa. A wanke da ruwa da sabulu, sannan a zuba noti-noti a girgiza don su kankare ɓawon tsatsa. A ƙirga su kafin a zuba, a ƙirga bayan an juye. Daga nan sai a cika shi da ruwan kal ya kwana ɗaya ko biyu. Tataccen ruwan tsamiya ma yana yi, domin akwai asid a cikinsa. Ruwan batir kuwa ganganci ne, don bai san tsatsa daban, ƙarfe mai kyau daban ba. Bayan an juye, a ɗauraye da ruwan kanwa don ta kashe ragowar tsamin.

A nan ne mafi yawan masu gyara ke yin asara, saboda gaggawa. Ƙarfen da aka wanke da asid tsirara yake, cikin 'yan sa'o'i zai sake ja idan da danshi. Dole a hura masa iska, a shanya shi a rana har ya bushe ƙayau, domin maganin liƙe tanki ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe. Idan ya saɓule daga baya, toshewar da zai yi ta fi ta tsatsa muni. A tabbata an rubuta a jikin gwangwaninsa cewa yana jure fetur. A zuba, a jujjuya tanki ya shafi ko'ina, a tsiyaye rarar, a buɗe kafar famfo, a bar shi iya kwanakin da aka rubuta. Sabulun da direbobi ke gogawa a huji dabara ce ta isa gida kawai, domin fetur ba ya narkar da shi amma ruwan sama yana yi.

Babban huji sai walda, ita kuwa ba aikin gida ba ce. Tiririn fetur yana kama wuta ne idan ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska. A cikakken tanki ya wuce haka, a wanda aka juye kuwa yakan faɗo daidai wannan ma'auni. Don haka ƙwararren mai walda yakan wanke tankin sau da yawa, ya cika shi da ruwa zuwa dab da hujin, murfi a buɗe, kafin ya kunna wuta.