Ɗan Tela Mai Lissafin Zafi

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Garu a nan Dutse bayan magariba ya san ko da rana ta faɗi, dutse na nan da ɗuminsa. Haka ɗakin soro yake: da tsakar rana sanyi, dare na yi sai bango ya shiga amayo zafi. To, yaya zafi ke ratsa dutse da ƙasa? Wanda ya fara amsa wannan da lissafi wani Bafaranshe ne, Joseph Fourier (ana faɗinsa Furiye).

An haife shi a garin Auxerre cikin 1768. Ubansa tela ne, kuma tun yana yaro ya zama maraya. A 1798 ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar. Da ya komo aka naɗa shi gwamnan wani lardi, ya zauna a Grenoble, yana aikin mulki yana ta fama da lissafin zafi.

Ga abin da ya gano. Duk abin da ke hawa da sauka yana maimaituwa, ana iya warware shi zuwa igiyoyi masu sauƙi irin na ruwa, wasu masu sauri, wasu masu nawa. Zafin yini ma haka yake. Igiyoyi masu sauri ba su yin nisa cikin bango, nan da nan suke mutuwa. Mai nawar ita ke ratsawa, kuma a makare take isa ciki, watau sai dare. Sauti ma haka ne. Goge da algaita suna iya ɗaukar murya ɗaya, amma kunne ya bambanta su, domin haɗin igiyoyinsu ba ɗaya ba ne.

Da ya miƙa wannan aiki a Faris cikin 1807, babban masani Lagrange ya ƙi yarda, aikin ya kwanta ba a buga ba. A ganina dattijon bai yi laifi ƙwarai ba, gama hujjojin Fourier na da giɓi, sai na baya suka cike. Littafinsa bai fito ba sai 1822, shekara 8 kafin rasuwarsa.

Yau rediyo da wayar hannu da na'urar hoton cikin jiki ta asibiti duk da lissafinsa suke aiki. Mu ma nan Arewa ba a bar mu baya ba: Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978, tun 1962 ya buga bincike a Ingila kan yadda igiyoyin girgiza ke warwatsewa idan sun ci karo da fili mai gargada.