Yadda ake gane tsutsar yashi a fatar yaro, a kuma rabu da ita

Daga Narayi zuwa Unguwar Romi har Gonin Gora, da wuya ki ratsa layi ba ki ga tulin yashin gini a ƙofar wani gida ba. Da dare karnuka da kyanwoyi su yi kashi a kai, gari na wayewa yara su haye suna wasa. Cikin kashin nan akwai ƙwayayen tsutsar ciki mai ƙugiya. Idan damina ta zauna, yashi ya daina bushewa, sukan ƙyanƙyashe cikin kwana 1 ko 2, kafin kwana 10 'ya'yan sun isa huda fata. Jikin ɗan Adam ba gidansu ba ne, ba sa iya nutsawa ciki, sai su yi ta yawo a saman fata kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Da farko ki duba inda jikin yaron ya taɓa ƙasa. Ga mai tafiya, tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Ga mai rarrafe ko zama, ɗuwawu da cinya da gwiwa da ciki. Za ki ga jan layi siriri, ya ɗan taso, yana lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi. Ƙaiƙayinsa kan hana barci. Jariri ba ya da bakin faɗa, sai dai ki ga yana goga gindi a tabarma yana tsala kuka.

Sai ki ɗauko biro ki ɗiga a ƙarshen layin, ki ɗauki hoto da waya. Gobe ki sake dubawa. Makero zagaye yake yi, ƙazuwa kuma takan bi 'yan gida ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsutsa kuwa tafiya take, daga 'yan milimita har santimita 1 ko 2 a yini, kuma ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. In layi ya wuce ɗigon biro, kin kama ɓarawo.

Daga nan ki riƙe hannunki. Na taɓa ganin ƙafar wani yaro a Kakuri da aka bi da allura ana neman ciro tsutsar, aka kuma zuba kananzir. Ƙafa ta kumbura ta yi mugunya, layin kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Dalili shi ne tsutsar tana gaba da inda ido ke gani da kamar santimita 1 zuwa 2, abin da ake tonawa sawunta ne kawai. Haka man shafawa mai haɗi uku da ake saya a kemis: ya kwantar da ja na kwana biyu, ya rikita wa likita kamannin ciwon. Ki dai yanke wa ɗanki farce, ki wanke wurin da sabulu, shi ke nan.

Ki kai shi asibiti da hoton a hannu, ko na Gwamna Awan a Kakuri, ko Saint Gerard's, ko babban asibitin Sabon Tasha, ko ƙaramin asibitin unguwarku. Galibi ido kaɗai ya ishi likita, ba sai an ɗibi jini ba. Ki tabbata an ɗora yaron a sikeli. Wanda ya haura shekara 2 akan ba shi albendazol miligiram 400 kullum, kwana 3 ko fiye. Akwai ibamektin da ake sha sau ɗaya, amma ba a ba wanda bai kai kilo 15 ba. Jariri kuwa likita ne zai auna masa, wani lokaci na shafawa zai sa a haɗa. Mebendazol da aka saba ba yara don tsutsar ciki ba ya yin aiki sosai a nan, domin yawancinsa a hanji yake tsayawa.

Ƙaiƙayi kan lafa cikin 'yan kwanaki, layin ya dushe cikin mako guda ko biyu. Ko ba magani tsutsar takan mutu da kanta bayan makonni, amma wace uwa za ta zuba ido ɗanta na susa har ya yi gyambo? In kin ga mugunya, kumburi ko zazzaɓi, ki koma ranar.

Saura yashin. Ki ce wa maigida a rufe tulin da leda ko tsohon kwano, a riƙa kwashe kashin dabba kullum tun bai kwana ba, kare da kyanwar gida kuma likitan dabbobi ya ba su maganin tsutsa duk wata 3. Yara su sa takalmi, mai rarrafe a shimfiɗa masa tabarma mai kauri. Kayan jariri a shanya su a igiya, kada a baza su a ƙasa.