Hoto da Harshe a Ajin Nazarin Ma'ana

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Sai dai a fagen nazarin ma'ana wannan zance yana buƙatar gyara, kuma hoton kyamara shi ne hanya mafi sauƙi ta nuna wa ɗalibi haka.

Alal misali, malami ya kawo hoton mace ta ɗaga taɓarya, ga turmi a gabanta. Wani ɗalibi zai ce tana daka, wani ya ce za ta fara, wani kuwa ya ce akuya take kora. Hoton bai ƙaryata kowa ba, domin ba ya rarrabe shuɗaɗɗen lokaci da mai ci da na gaba. Haka kuma ba shi da korewa. Ba ya iya cewa "ba gero take dakawa ba".

A 1964, Roland Barthes, masani Bafaranshe, ya yi nazarin tallar taliyar Panzani, inda ya nuna cewa ma'anonin hoto barkatai suke, rubutun da ke tare da shi ne turken da ke ɗaure su. Saboda haka, wanda ya rubuta bayanin hoto a jarida yana iya karkatar da mai karatu ba tare da ya taɓa hoton ba. Wajibi ne ɗalibi ya koyi raba abin da ido ya gani da abin da alƙalami ya faɗa masa.