Darasi: Yadda Ake Haɗa Shayar Tafi-da-gidanka da Bututun Roba

Masu yawon shaƙatawa a dazuzzukan Amurka sukan ɗaure wani baƙin bututu a saman mota domin samun ruwan wanka mai ɗumi. Babu wuta, babu lantarki. Rana ce ke yin aikin, saboda baƙin abu ya fi saurin zuƙar zafinta. Ɗalibin da ya fita binciken ƙauye da hunturu zai amfana da wannan dabara.

Kayan aiki: bututun roba na PVC mai faɗin inci 4 da tsawon mita 2, wanda ke cin ruwa kimanin lita 16, murafu biyu, mahaɗi mai baki uku, kan famfo, tiyo, gam, baƙin fenti.

Da farko a yanka bututun gida biyu, a haɗa su da mahaɗin, bakinsa na uku yana kallon sama don zuba ruwa. A liƙe murafun da gam, a huda ɗaya daga ƙasa, a ɗaura famfo da tiyo. Sai a shafe shi da fenti. A cika shi da hantsi, a bar shi a rana har la'asar, sannan a rataye shi sama da kai.

Hattara! Kada a kusanta shi da wuta, domin roba takan yi laushi idan zafi ya wuce digiri 60. Kada a ɗura masa iska da famfon keke, yana iya tarwatsewa ya ji wa mutum rauni. A taɓa ruwan da hannu kafin wanka.

Aiki: Fito da aikatau biyar na umarni daga wannan darasi.