Kafin Ku Biya Kuɗin Kwas ɗin Ba da Shawara

'Ya'yana, na lura da yawanku zuciyarku ta karkata ga aikin sauraron mutanen da damuwa ta yi wa katutu, kuma wallahi na ji daɗin hakan. Ƙasarmu tana buƙatarku. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu a Borno da Zamfara, ga matan da aure ya mutu ya bar su da 'ya'ya, ga ɗalibai da ke kwana ba barci saboda jarrabawa da rashin kuɗin makaranta. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk faɗin ƙasar ɗaruruwa ne ƙalilan, a tsakanin mutane fiye da miliyan 200. Duk wanda ya ce zai ba da rayuwarsa ga wannan aiki, addu'a ta kamace shi.

Sai dai inda buƙata ta yi yawa, nan masu neman kuɗi suke kafa rumfa. Kun san tallan da nake nufi, yana yawo a WhatsApp da Facebook: mako biyu ko wata ɗaya ta waya, ka biya kaza, a turo maka satifiket mai hatimin zinare, a ce daga yau kai ƙwararren mai ba da shawara ne da duniya ta amince da shi. Ba na zargin yaron da ya biya, don niyyarsa mai kyau ce, kuma sau da yawa kuɗin ma sai da ya yi adashi ya tara. Abin da nake so shi ne ku san tambayar da ake yi kafin kuɗi ya bar hannu: wa ya amince da wannan kwas, kuma amincewar tasa tana da wani nauyi a wurin da nake son in yi aiki?

Takardar da ke cewa mutum ya halarci horo daban take da takardar karatun da hukuma ta tantance, ita ma daban take da lasisin yin aiki. A nan gida, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke tantance karatun jami'a, NCCE na duba kwalejojin ilimi, NBTE kuma kwalejojin kimiyya da fasaha. Akwai abin da iyaye da yawa ba su sani ba. NUC ba jami'a take ba wa shaida a dunƙule ba, kwas-kwas take bi ɗaya bayan ɗaya. Jami'a na iya zama halastacciya, amma wani sashe a cikinta ya kasa. Wanda ya cika sharaɗi ana ba shi cikakkiyar tantancewa ta shekara 5, wanda ya ɗan gaza a ba shi ta wucin gadi ta shekara 2, wanda ya gaza sosai a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Don haka ku tambayi matsayin sashen da kansa. In kuwa wata cibiya ta ɗaga muku takardar rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ku sani wannan shaida ce kawai cewa kamfani ne ko ƙungiya mai suna a littafin gwamnati. Ba wanda ya zo daga can ya duba ko malamansu sun san abin da suke koyarwa.

Ba ku manta da abin da ya faru a ƙarshen 2023 ba, lokacin da ɗan jarida Umar Audu ya nuna wa duniya yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin da ke fitowa daga Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatu na gaskiya a can suka shiga tsaka mai wuya. Takardar da ba ta da tushe, ranar da aka buɗe bincike ba ta tsaya wa mai ita.

Shi aikin ba da shawara ya daɗe a ƙasar nan ba tare da doka ta musamman ba. Masu tarihinsa suna komawa 1959, lokacin da wasu malamai mata 'yan ɗarikar Katolika a makarantar St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato mutane masu sana'o'i daban-daban don su ba 'yan mata masu kammala karatu shawarar abin da za su yi a rayuwa. Daga baya manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta sa jagoranci da ba da shawara cikin tsarin makarantu, ƙungiyar masu aikin, CASSON, ta yi ta fafutuka shekara da shekaru. Sai a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da masu aikin ba da shawara, wadda aka ɗora wa fayyace irin ilimin da ake buƙata da ajiye rajistar masu aikin. A farkon 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga zamanin Turawa. Alƙiblar a bayyane take: za a ƙara tambayar mutane takardunsu, ba za a rage ba.

Yawancin kwasa-kwasan intanet ɗin nan suna fakewa ne da sunan Ingila, don haka bari in gaya muku yadda abin yake a can. A Ingila doka ba ta keɓe sunan mai ba da shawara ko mai jinyar damuwa ta hanyar zantawa ba. Kowa na iya kiran kansa da shi, kowa kuma na iya buɗe makaranta ya buga satifiket. Abin da ya cike wannan giɓi shi ne ƙungiyoyin ƙwararru masu rajista, babbar cikinsu ita ce BACP, wadda aka kafa a 1977. Kafin ta karɓi mutum, sai ya yi karatun da bai gaza shekara ɗaya cikakkiya ba, ko shekara biyu in yana haɗawa da wani aiki, tare da aƙalla sa'a 100 na zama da mutane masu damuwa na gaske a ƙarƙashin kulawar gogagge. Wanda ke neman babban matsayi na tantancewa kuwa, sai ya kawo shaidar sa'a 450 ta karatu da wasu 450 na aiki, cikin abin da bai gaza shekara 3 ba, yana zama da mai sa masa ido aƙalla sa'a ɗaya da rabi kowane wata. A Amurka ma, hukumar CACREP ba ta amincewa da digiri na biyu a wannan fanni sai yana da sa'a 100 ta gwajin farko da wasu 600 na aiki a fili, bayan nan kowace jiha ta nemi nata sharaɗin kafin ta ba da lasisi. Ku kuma lura da wata dabara: makaranta na iya zama mamba a ƙungiya ta hanyar biyan kuɗin shekara, ta manna tambarin ƙungiyar a tallanta, alhali ba a taɓa tantance kwas ɗinta ba. Ƙungiyoyin suna wallafa sunayen kwasa-kwasan da suka tantance, kuma dubawa ba ta cin minti goma.

Me ya sa duk suka nace a kan sa'o'in aiki? Saboda wannan sana'a a gaban mutum ake koyonta, kamar yadda yaron mota ke koyon tuƙi direba na zaune a gefensa, hannunsa kusa da sitiyari. Littafi zai gaya muku alamomin tsananin damuwa. Amma ranar da saurayi ya zauna a gabanku ya ce a hankali ya gaji da rayuwa, littafi ba zai hana bakinku bushewa ba. Wanda aka horar da kyau ya san dole ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ya san tambayar ba ta cusa tunanin, ya kuma san wa zai kira a daren nan. Wanda ya yi mako biyu sai ya tsorata, ya ce masa ya yi haƙuri, ya sallame shi. Haka mai jego da ta daina cin abinci, ba ta barci, tana cewa jaririn ba nata ba ne. Wannan ba ta zama ana zantawa ba ce, ta asibitin ƙwaƙwalwa ce cikin gaggawa, na Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri, inda ya fi kusa. Rubuta magani aikin likita ne. Sanin iyakar da aikinku ya tsaya, a ganina, shi ne rabin horon.

Akwai kuma abin da ba ka iya gani a kanka sai wani ya nuna maka. Mu mutane ne masu son yin nasiha, ni kaina ga shi ita nake yi. Amma a ɗakin ba da shawara, wanda ya zo ne ya kamata ya fi yin magana. Sabon mai aiki yakan katse mutum da wa'azi tun bai gama faɗin abin da ya kawo shi ba, ko ya karkata ga miji don shi ma namiji ne, ko ya ɗauki damuwar mutane ya kai gida har ta hana shi barci. Mai sa ido shi ke kama waɗannan tun suna ƙanana. Sannan ga riƙon sirri, wanda a garuruwanmu ya fi ko'ina wuya, don wadda ta zo wurinku wataƙila kun san ƙanwar uwarta, kuma mijinta zai tare ku a masallaci ya ce me ta faɗa. Dole a koya muku yadda ake ƙin amsawa cikin ladabi, da kuma lokutan nan ƙalilan da ya wajaba a yi magana saboda rai na cikin haɗari.

Amincewar hukuma ko ƙungiya tana da wani amfani da ya shafi marar ƙarfi: tana ba shi wurin kai ƙara. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu don a gyara musu tarbiyya, har suna biyan kuɗi. Ba mai leƙawa ya ga abin da ake yi, ba rajistar da za a cire sunan kowa daga cikinta. Mai aikin kirki ba ya gudun a sa masa ido, don shi ma kariya ce gare shi ranar da aka yi masa ƙazafi.

Kada ku fahimce ni da cewa duk gajeren horo banza ne. A Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna mutanen sun sami sauƙi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da irin wannan tsari na zama biyar da ake koya wa waɗanda ba ƙwararru ba. Amma tsofaffin nan an iyakance musu abin da za su yi, akwai na sama da su da ke bibiya, akwai kuma inda suke tura wanda ya fi ƙarfinsu. In wata ƙungiyar agaji ta ba ku irin wannan horo, ku karɓa da hannu biyu, ku yi aiki a cikin da'irar da aka shata muku, kada ku je ku buga allo a ƙofar shago da sunan da ba ku kai ba.

Wanda ya riga ya biya ya karɓi takarda, kada ya karaya, abin da ya koya bai ɓata ba. Ya ajiye ta a matsayin matakin farko. In yana da digiri, akwai sassan ilimi a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero inda ake karantar da jagoranci da ba da shawara har zuwa digiri na biyu. In jinyar masu taɓin hankali yake so, hanyar ita ce digiri a nazarin halayyar ɗan Adam, sannan na biyu a ɓangaren asibiti, ko kuma aikin jinya na ƙwaƙwalwa ga wadda ta riga ta zama nas. Duk inda kuka nufa, ku je da ƙafarku ku tambayi shugaban sashe sa'a nawa ɗalibai ke yi da mutane na gaske, a wane asibiti ko makaranta, wa ke zama da su bayan nan, kuma waɗanda suka gama shekara biyu da suka wuce ina suke aiki yanzu.